Baniya mai araha ko mai tsada: amsa ga bakaniken da aka yaye a Gombe

Wani matashi da ogansa ya yaye shi bara, ya kama ɗan shago a wajen Tashar Dukku a Gombe, ya aiko da tambaya. Ya ce aikinsa sauke inji ne da haɗawa, na ƙananan motoci da Keke Napep da injin ban-ruwa irin na manoman Dadin Kowa, kuma yana da burin nan gaba ya sayi ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe. Ya ga baniya mai batir, wato ma'aunin nan mai haƙora da ake zamewa a kama ƙarfe a auna kaurinsa, a kasuwa da kuɗi kaɗan, ya tambayi ta kamfanin Mitutoyo aka gaya masa farashin da ya ninka wancan sau goma ko fiye, alhali duka biyun lamba biyu suke nunawa bayan ɗigo. Yana so ya ji ko suna kawai ake saya, sannan da ɗan jarin da ke hannunsa me ya kamata ya fara mallaka.

Allah ya sanya albarka a shagon, ƙanena. In ka bi ta tawa, kada ka sayi mafi arahar, kada kuma ka kwashe jarinka a kan baniyar Mitutoyo yanzu. Nemi baniya mai matsakaicin kuɗi, ƙarfin kuɗinka kuma ka kai shi kan maikiromita, wato ma'aunin kauri da ake murɗawa kamar sukuru, da abin da za ka riƙa gwada gaskiyarta da shi. Ga dalilina.

Lambar da allo yake nunawa daban, gaskiyar awon daban. Baniya mai batir tana ƙirga 0.01 na milimita, amma ko ta ainihi mai tsawon milimita 150, alƙawarin da masu yin ta suke ɗauka shi ne kuskurenta ba zai wuce 0.02 ko 0.03 ba, sama ko ƙasa. Wato in ta ce maka 49.98, ƙarfen na iya zama 49.96, yana iya zama 50.00, kuma ba ta saɓa alƙawari ba. Mai arahar ma za ka ga an buga irin wannan lamba a jikin kwalinta. Bambancin shi ne waccan an gwada ta kafin ta bar masana'anta, wannan kuwa sai dace. Na taɓa riƙe masu araha da suka ba ni mamaki, na kuma riƙe 'yan uwansu daga kwali ɗaya da suka kauce da fiye da 0.1. Matsalar ke nan, ba ka san wadda ta faɗo hannunka ba.

Yanzu ɗora wannan a kan aikinka. Ratar da ake bari tsakanin karanshaf da metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, domin baƙin mai ya ratsa, a yawancin ƙananan motoci tana tsakanin 0.02 da 0.05 ne, littafin kowane inji yana faɗin tasa. Silin gashin kai yana kai 0.05 zuwa 0.1. Farar takarda guda kusan 0.1 ce. Ka ga ke nan ratar da ran injin ya rataya a kanta ba ta kai kaurin gashi ba. Tsohuwar ƙa'idar masu awo ita ce ma'auninka ya fi abin da kake nema laushi sau goma, in an matsa sau huɗu. To baniyar da kuskurenta kaɗai ya kai 0.02 ko 0.03, ina za ta iya raba maka gardama a ratar 0.03? Ko da kuɗin mota ka saye ta, ba aikinta ba ne.

Kuma ba laifin kamfani ba ne, ƙirarta ce haka. Ɗauki kowace baniya, kama wani ƙarfe da bakin haƙoranta, sannan ka ƙara danna ɗan maburgin da ake tura haƙoran da shi da babban yatsa. Za ka ga lambar tana sauka, 0.02, 0.04, a mai araha har fiye. Layin da ake karantawa yana jikin doguwar sandar, abin da ake aunawa kuma yana can ƙasa tsakanin haƙora, don haka duk ɗan girgizar da ke cikin abin da ke zamewa, haƙoran ne ke faɗaɗa ta. Wani Bajamushe masanin gilasai, Ernst Abbe, ya bayyana wannan tun 1890: in ana son awo na gaskiya, ma'auni da abin aunawa su kasance a miƙe kan layi ɗaya. Maikiromita ta bi wannan ƙa'ida, baniya ba ta bi ba. Shi ya sa ko da baniya kake aiki, ka tura ƙarfen can cikin haƙora kusa da sandar, kada ka kama da tsininsu.

Ita maikiromita sukuru ce kawai da aka yi wa yanka mai kyau. Zagaye ɗaya yana tafiyar da ita rabin milimita, an raba zagayen gida 50, kowane gida 0.01. A bayanta akwai ɗan maburgi mai ƙara kas-kas, wanda yake sakin hannu in matsin ya kai, domin awonka da na yaronka su zo ɗaya. Kuɗin da kake biya a mai kyau yana tafiya ne wurare huɗu: zaren sukurun da aka ƙona aka goge shi daidai tun daga farko har ƙarshe, fuskokin awo biyu masu taurin gaske da aka lallashe su suka kwanta sumul kuma suka fuskanci juna ba karkace, maburgin da matsinsa ba ya canzawa, da jikin da ba ya buɗewa in an matsa. A mai araha, maburgin ne ya fi saurin tona asiri. Wani yana da tauri har sai ya murƙushe abin da kake aunawa, wani yana saki tun bai taɓa ba.

Duk da haka zan faɗi abin da wasu abokan sana'a ba sa son ji. Maikiromita mai matsakaicin kuɗi da aka gwada aka tabbatar, ta fi baniyar da ta fi kowace tsada amfani a kan karanshaf. Kuma ba duk abin da aka yi a Chana ne tarkace ba. Akwai kamfanoni irin su Insize da ke sa sunansu na gaskiya a jikin kaya, da lambar kaya, da takardar gwaji. Irin waɗannan nake nufi da matsakaici.

Abin da nake yawan gani shi ne wannan. A kawo inji ya buga, a canza metal, a haɗa, bayan 'yan makonni fitilar baƙin mai ta fara ƙiftawa in inji ya yi zafi, sai ƙara ta dawo. A ɗora wa mai sayar da metal laifi, a ce jabu ya bayar, wani lokacin ma a zargi direba. Ka tambayi bakaniken ko ya auna karanshaf ɗin, ya ce ya auna da baniya, lafiya lau yake, ya ma shafa da farce bai ji kaushi ba. Sai ka wanke wuyan karanshaf ɗin da fetur, ka goge da tsumma mai tsabta, ka sa maikiromita a tsaye, ka karanta, ka rubuta a jikin kwali. Ka juya ta kwance a wuri guda, ka karanta. Sai ka ga bambancin gida uku ko huɗu. Wuyan ya daina zama da'ira, ya koma siffar ƙwai, domin bugun fistin gefe ɗaya yake ci. Ka matsa zuwa ɗaya bakin wuyan ka maimaita, wani sa'in ka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya sirancewa. Awo huɗu ke nan a kowane wuya, kuma ko wane irin metal ka ɗora a kan wannan, ba zai yi ƙarko ba. Littattafan injina da yawa ba sa yarda wannan bambanci ya wuce 0.01 ko 0.02.

Haka in ka kai karanshaf wurin masu yanka suka dawo maka da shi suka ce sun yanka zuwa 010. Wannan 010 ɗin awon inci ne, kashi goma cikin dubu, wanda ya yi daidai da 0.254 na milimita, shi ya sa a kwalin metal za ka ga 0.25. Na 020 shi ne 0.50, na 030 kuma 0.75. Mai yanka mutum ne, dutsen injinsa yana cinyewa, ma'auninsa ma yana iya kaucewa. In ba ka da abin da za ka auna aikinsa kafin ka haɗa, duk kuskuren da ya yi sunanka zai ɓata, domin mai mota kai ya sani.

Kowace maikiromita milimita 25 kawai take ɗauka: 0 zuwa 25, 25 zuwa 50, 50 zuwa 75, 75 zuwa 100. Ga irin aikinka, fara da ta 25 zuwa 50 da ta 50 zuwa 75, su ne za su rufe maka wuyoyin karanshaf na yawancin ƙananan motoci, kuma ta biyun za ta ɗauki fistin ɗin ƙananan injina da dama. Ta 75 zuwa 100 domin fistin ɗin mota ce, ta biyo baya. Ta 0 zuwa 25 mutane suka fi saye da farko saboda ita ce mai sauƙin kuɗi, alhali bakaniken inji bai cika buƙatarta ba sai a sandar bawul da ƙananan abubuwa. Ka zaɓi ta hannu mara batir. Abu ɗaya za ka kiyaye wajen karatunta, layin rabin milimita da ke ɓuya a ƙarƙashin hannun murɗawa. Masu koyo da yawa suna karanta 47.48 a inda ake da 47.98. A nan baniyarka za ta yi maka rana, ka fara aunawa da ita ka san unguwar da kake, sannan maikiromita ta kai ka ƙofar gida.

In za ka iya samu, ka haɗa da zaren Plastigage. Ɗan siririn zare ne mai laushi da ake ɗorawa a wuyan karanshaf, a ɗaure murfin metal da ɗaurin da littafi ya ce, a kwance ba tare da an juya karanshaf ba, sai a gwada faɗin da zaren ya baje da layukan da ke jikin takardarsa. Koren yana nuna rata daga 0.025 zuwa 0.076. Ba shi da tsada, kuma yana gaya maka ratar kai tsaye. Sai dai ba ya maye gurbin maikiromita, tunda wuri ɗaya yake duba maka.

Sai babbar maganar, wadda ta fi sunan kamfani muhimmanci. Ma'aunin da ba ka da hanyar gwada shi, zato kake yi da shi, ko nawa ka saye shi. Mutane suna rufe baniya su ga sifili su ce lafiyarta ƙalau. Sifili yana gaya maka ta yi daidai a sifili ne kawai. Me take cewa a 20, a 50, a 100?

Kowace maikiromita daga ta 25 zuwa sama tana zuwa da ɗan sandan gwaji a akwatinta, na 25, na 50, na 75, da ƙaramar sifana ta saita ta. In mai sayarwa ya ce sandan ya ɓace, ka rage kuɗi sosai ko ka bar masa kayansa. Kafin ka gwada, ka kama farar takarda tsakanin fuskokin biyu a hankali ka zare ta, za ka ga baƙin dattin da ta kwaso. A manyan da fuskokinsu ba sa haɗuwa, goge kowace fuska da takardar. Wannan dattin kaɗai ya isa ya ƙara maka gida ɗaya ko biyu.

Akwai kuma abin gwaji mai sauƙi da kake da shi a shago ba ka lura ba: sabon boris na kamfanin kirki. Boris mai lamba 6204 ramin cikinsa milimita 20 ne, bayansa 47. Mai lamba 6205 cikinsa 25, bayansa 52. Mai 6203 kuma 17 da 40. Ƙa'idar yin boris ba ta yarda bayan 6204 ya haura 47 ba, ba ta kuma yarda ya gaza da fiye da 0.011 ba. Saboda haka in baniyarka ta ce 47.05 ko 46.93, ita ce ta yi ƙarya. Ramin cikin kuma ka gwada ƙananan haƙoran sama da shi, waɗanda a baniya mai araha su ne suka fi kaucewa, kuma ba mai duba su. Kada dai ka yi gwaji da kaurin boris ɗin, wancan an ba shi sassauci har 0.12. Ka ware boris biyu ko uku masu girma daban-daban, ka shafa musu mai, ka ajiye a gwangwani, kada a taɓa sa su a mota. Ranar da za ka je sayen baniya ka tafi da su a aljihu. Ka rufe haƙoran ka ɗaga su saitin haske, in ka ga haske yana ratsowa ta sama ko ta ƙasa, ajiye. Ka ja ta daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko tana tafiya sumul ko tana cijewa a wani wuri. Ka auna boris ɗaya sau da yawa kana buɗewa kana rufewa, ka ga ko amsa ɗaya take maimaitawa. Ka ja ta da sauri ka dawo, ka ga ko sifilin yana nan. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Gwaji na ƙwarai kuwa da tubalan awo ake yin sa, ƙananan ƙarafa masu kusurwa huɗu da wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Edvard Johansson, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1890. An goge su har in ka murza biyu a juna sai su manne kamar da gam. Saitin da ake gwada maikiromitar 0 zuwa 25 da shi yana da lambobi kamar 2.5, 5.1, 7.7, 10.3, 12.9, har zuwa 25. An zaɓe su haka da gangan domin kowane ɗaya ya tsayar da sukurun a wata kusurwa daban, ta yadda in zaren ya kauce a wani gefe zai bayyana. Ba na ce ka saya ba, sun fi ƙarfin sabon shago. Amma kana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha nan Gombe, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi. Ka je sashen koyar da aikin injina ka yi sallama da ladabi, ka tambayi masu kula da ɗakin aiki ko za su gwada maka. Kamfanonin da ke buƙatar takardar shaidar gwaji su ne ke bin ta hukumar SON mai kula da ingancin kaya da ɗakunan gwaji masu rajista, kai ba ka kai nan ba tukuna.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hannu a ciki. Duk awon da ke littafi an yi shi ne a kan zafin digiri 20, haka duniya ta amince tun 1931. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu, Gombe tana taɓa 40. Ƙarfe yana miƙewa da kusan 0.0115 a kowace milimita 100 in zafi ya ƙaru da digiri 10. Kada wannan ya tayar maka da hankali, domin in maikiromitar ƙarfe ce, abin aunawar ma ƙarfe ne, kuma zafinsu ɗaya, tare suke miƙewa, kuskuren ya kashe kansa. Inda ake faɗawa rami wuri biyu ne. Na farko, a auna abu da ɗuminsa. Sandar milimita 50 da ta fi ma'auni zafi da digiri 30, ko daga kan injin sassaƙa ta sauko ko a rana aka yar da ita, za ta nuna ƙarin kusan 0.017. Rabin ratar baƙin mai ke nan. Na biyu, fistin. Alminiyam ya fi ƙarfe miƙewa nesa ba kusa ba, don haka fistin mai milimita 80 da ka auna da tsakar ranar bazara zai iya nuna ƙarin 0.01 zuwa 0.02 a kan abin da littafi yake nufi. Maganin ba ya cin ko kwabo: ajiye kayan da ma'aunin wuri ɗaya a inuwa su huce tare, awon fistin kuma ka yi shi da sassafe. Ka riƙe maikiromita ta wurin robar da aka manna a jikinta, an sa ta ne don kada ɗumin tafin hannu ya shige ta.

Sai ƙurar hunturu, da garin dutsen wasa ƙarfe, da gumi. Baniya mai batir tana karanta wasu siraran layukan lantarki ne da ke ƙarƙashin jikin sandar, in ruwa ko baƙin mai ko gumi ya hau wurin sai lambobi su fara tsalle. Masu alamar IP67 an rufe su daga ƙura da ruwa, amma da tsadarsu. Batir ma wani ciwon kai ne. Yawancin masu araha ko ka kashe su allon ne kawai ke mutuwa, cikin yana ta shan wuta, sai ka ɗauko ranar da kake gaggawa ka tarar babu. Ta ainihi takan yi shekaru da batir ɗaya. In ka sayi mai batir, nemi SR44 maimakon LR44. Girmansu ɗaya, amma SR44 yana riƙe ƙarfinsa daidai har ya kusa ƙarewa, shi kuwa LR44 a hankali yake sanyi, kuma baniyar da batirinta ya yi sanyi takan ba da lambar banza kafin ta mutu. Ni a garejin da ƙasa ce daɓensa, na fi son baniyar hannu ta ƙarfe mara tsatsa mai karanta 0.02, irin tsarin da Bafaranshe Pierre Vernier ya fito da shi a 1631. Ba batir, ba ta tsoron mai, kuma idonka yana da sauran ƙarfi. Yaranka ma za su koyi karatun awo na gaske a kanta.

Game da Mitutoyo ɗin da ka gani. Kamfanin Japan ne tun 1934, kayansa kuma sun cancanci sunansu. Wannan sunan ne ya sa jabunsa ya cika kasuwannin duniya, har da na intanet, da kwali da takarda da komai. A wurina jabu ya fi mai araha na gaskiya sharri, domin mai araha ka san matsayinsa kana sa masa ido, jabu kuwa ka ba shi amanar da bai cancanta ba, ga kuɗin da ya ci. Farashi ne shaida ta farko, in an ce maka sabuwar Mitutoyo a kuɗin da bai kai rabin na dila ba, ka san zancen. Duba ko lambar da ke jikin kayan ta yi daidai da ta takardar. Ji tafiyarta a hannu, ta ainihi kamar a kan mai take zamewa. In kana da aboki mai gyaran waya, ya auna wutar da take ja daga batir, jabun yakan ja ninkin ta ainihi sau da yawa, ko a kashe.

Gwanjo hanya ce mai kyau in ka iya dubawa. Tsofaffin maikiromita na Moore & Wright na Ingila, da Starrett na Amurka, da Tesa, da Mahr, da Mitutoyo ɗin kanta, suna fitowa a cikin kayan Beljiyam da wurin tsofaffin ma'aikata da suka ajiye aiki. In ka shiga Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ka tambaya. Ka tabbata ta milimita ce, don na Ingila da Amurka da yawa na inci ne, sai ka riƙa ninkawa da 25.4 kullum, nan kuma kuskure ke shigowa. Ka duba fuskokin awo ko sun ɓantare, ka murɗa ta daga farko har ƙarshe. In ta yi sako-sako a tsakiya ta yi tauri a ƙarshe, zaren ya cinye a inda aka fi aiki da shi, saiti ba zai gyara ta ba. Wadda ta taɓa faɗuwa kuma jikinta yakan buɗe, sandan gwaji zai nuna maka.

Akwai wuraren da araha ba ta cutarwa. Rula, tef, da fila geji, wato siraran ganyen ƙarfe na auna rata da saita bawul, sayi na daidai kuɗi, in ka samu maikiromitar 0 zuwa 25 ka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar. Agogon awo na duba ko karanshaf ya lanƙwashe ko faifan birki yana rawa, shi ma matsakaici ya isa, tunda bambanci yake nunawa tsakanin wuri da wuri. Ka dai ga allurar tana komawa inda ta taso duk lokacin da ka ɗaga ka saki. Abin da ya fi ba da wahala a nan ƙafar maganaɗisun ce, in tana rawa ko agogon zinare ka ɗora mata aikin banza ne.

Sifanar awon ɗauri kuwa, wadda ke yin ƙas in noti ya kai, kada ka yi mata rowa, kuma ina sa ta a layi ɗaya da maikiromita. Ratar metal da ka wahala ka auna tana canzawa in ɗaurin murfin bai yi daidai ba, gaskit ɗin kan silinda ma haka. Mai kyau kuskurenta ba ya wuce kashi 4 cikin 100, kuma ba a dogara da ita a ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyakarta. In ka gama aiki ka sassauta ta zuwa lamba mafi ƙanƙanta, kada kuma a kwance noti da ita. Gwajinta a shago mai sauƙi ne. Kama bakinta a bayis, wato matsen ƙarfe na kan tebur, ta miƙe a kwance, auna daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙin, ka rataya nauyin da ka sani a nan. Kilo 20 a nisan santimita 40 yana ba da ɗaurin kusan Nm 78, wato niyuton-mita, awon da ke rubuce a jikin sifanar. Jarkar ruwa ta isa, amma ka ɗora ta a sikeli tukuna ka san nauyinta har da jarkar. Saita sifanar ƙasa da lambar kaɗan ka saki nauyin a hankali, ya kamata ta yi ƙas. Saita ta sama da lambar kaɗan, bai kamata ta yi ba.

Awon cikin silinda shi ne zai jira. Ma'aunin rami mai agogo yana da tsada, kuma ba ya aiki shi kaɗai, da maikiromita ake saita shi, wani dalilin ke nan na fara mallakar ta. Kafin ka kai gare shi, ka tura sabon ringi cikin silinda da kan fistin domin ya zauna daidai, ka auna ratar bakinsa da fila geji a sama inda ringi ke tsayawa, da tsakiya, da can ƙasa inda ba ya kaiwa. Bambancin ratar in ka raba shi da 3.14 zai ba ka kimanin yadda ramin ya cinye. Ba zai nuna maka ko ramin ya zama ƙwai ba, amma ya isa ka san bulok ɗin da za ka sa wa ringi kawai da wanda dole a kai a faɗaɗa. Ranar da injin sassaƙa ya shigo shagon, ka fara yi wa mutane mazaunin boris da bushin, a lokacin ne ma'aunin rami da maikiromitar 0 zuwa 25 za su zama dole, kuma a lokacin in ka ga dama ka sayi Mitutoyo ɗin daga hannun dilan da zai ba ka rasit.